Hansai da Zaɓau ta Cikin Waya

Ku gyara zama, ku matso da tabarma. Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta iso lafiya, mun ba ta kunne.

To. Wata mata ce a wani gari, sunanta Hansai. Sana'arta haɗa turaren wuta da humra, kuma Allah ya sa wa hannunta albarka. In ta yi ciniki, sai ta sayi atamfa. In ta sake ciniki, sai ta sayi leshi. In ciniki ya yi kyau sosai, sai shadda. Ta saya, ta kai wa tela, ta karɓo, ta ninke, ta danna. Ta saya, ta kai, ta karɓo, ta danna. Har akwatinta na ƙarfe ya cika. Ta samo wata ƙatuwar jaka, ita ma ta cika. Ga kuma tsohuwar adakar katako da ta gada wajen mahaifiyarta, ita tun tuni murfinta ba ya rufuwa sai an zauna a kai.

Amma duk ranar da aka gayyace ta biki ko suna, Hansai ba ta da abin sawa.

Kada ku yi dariya, haka abin yake. Sai ta buɗe akwati ta jawo zane, rigarsa ba ta nan. Ta buɗe jaka ta jawo riga, ɗankwalinta ya ɓata. Ta samu ɗankwali, gyalen da zai hau da shi yana can ƙarƙashi, hannu ba ya kaiwa. Ta sa wannan ta cire, ta sa wancan ta cire. Kaya su taru tsibi a tsakar ɗaki, ita kuma ta zauna a kan tsibin ta yi tagumi. Hantsi ya yi, rana ta take, rana ta karkata. Maigidanta Malam Jatau, da ke jiranta a zaure don ya kai ta a babur, ya yi gyangyaɗi ya farka, ya je masallaci ya dawo. In daga ƙarshe ta fito, sai ta isa gidan biki ana naɗe tabarmi, ana wanke tukwane. Har matan unguwa suka sa mata suna Sai-an-tashi.

Ashe a cikin kayan nan akwai masu zama su uku. Ɓera ya yi ɗaki a gindin jaka, ya shimfiɗa gadonsa da wani gyale mai santsi. Asu, ɗan ƙwaron nan mai fukafukai kamar toka, yana cikin akwati yana kiwon 'ya'yansa. Gara kuwa ta haƙo hanya daga ƙasa, ta shigo adaka ta gindi. Tun da Hansai sama-sama take tonawa, ba ta taɓa kai hannu ƙasa, su ukun suna zamansu cikin daɗi. Da ta sa ƙafa ta fita, sai su fito tsakar ɗaki su yi rawa suna waƙa:

Tona sama, bar mana ƙasa,
Hansai mai kaya, tona sama.
Ke da tagumi, mu da ƙoshi,
Tona sama, bar mana ƙasa.

Ana nan, ana nan. Hansai tana da aminiya, sunanta Tabawa. Tun suna yara suke tare, tare suka yi tallan gyaɗa, tare suka sha dukan malamin allo. Tabawa tana da 'ya guda ɗaya tilo, Furera. Ranar sunan Furera, Hansai ta iso an riga an raba naman rago. Ranar walimar saukarta, ta iso ana kwashe kujeru. Duk wannan Tabawa ta shanye.

Yarinya ta girma, ta samu wanda take so, yana sonta, iyaye suka shirya, aka sa rana. Sai ga Tabawa da hantsi a gidan Hansai. Suka gaisa, ta sha ruwa, ta ajiye kofi, sannan ta ce:

"Ƙawa, kin san yarinyar nan 'yar fari ce. Ko sunanta ba na iya faɗa cikin mutane, balle in tsaya a kanta. Ke ce uwar biki. Ke za ki tsaya ranar kamu, ke za ki tari baƙi ranar yini, ke za ki riƙe hannunta a kai ta ɗakinta. Na yi haƙurin suna, na yi haƙurin walima. Wannan karon in kika makara, ban san da idon da zan dube ki ba."

Hansai ta rantse ba za ta makara ba. Tana cikin rantsuwa idonta ya faɗa kan akwati da jaka da adaka, sai muryarta ta yi ƙasa. Tabawa ta gani. Ta miƙa hannu ta ce a ba ta waya. Ta latsa nan, ta latsa can, ta sa mata wata manhaja mai basirar na'ura, irin wadda ake nuna wa tufafi ta hoto, ta riƙe su duka a kanta, ta riƙa faɗa wa mutum abin da zai hau da wani. Sunan manhajar Zaɓau.

Sai waya ta yi magana, murya a natse: "Sannu da gida, uwar ɗakina. Aikina haɗa kaya. Amma ki sani tun yanzu, abin da aka nuna mini shi nake gani, abin da aka faɗa mini shi na sani. Ki fito da komai."

Hansai ta tambaya ko komai da komai take nufi. Zaɓau ta ce komai da komai.

Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Aka juye jaka. Ɓera ya yi tsalle ya faɗa bayan randa. Aka juye akwati. Asu ya tashi ya maƙale a jikin labule. Aka fara kwasar adaka. Gara ta zame cikin raminta ta yi tsit.

Tabawa tana warewa, Hansai tana ɗaukar hoto. Tana warewa, tana ɗaukar hoto. Abubuwa suka yi ta fitowa. Ga wata atamfa mai zanen ganye, ashe sau uku Hansai ta saye ta, kowane lokaci tana tsammanin ba ta da ita. Ga wani leshi da allin tela bai ko goge a jikinsa ba. Ga rigar da ta yi ta nema tun sallar bara, ashe ta shige cikin hannun wata rigar. Ga hular Malam Jatau da ya daɗe yana cigiya. Tabawa ta yi dariya har da hawaye, Hansai ta rufe fuska da gyale.

Zaɓau kuwa ba ta gajiya da tambaya. Wannan yana shigar ki har yanzu? Wannan kina son sa, ko kunyar wadda ta ba ki kike ji? Wannan na zaman gida ne ko na fita? Na zaman gida aka ware gefe, na biki gefe, na zuwa kasuwa gefe. Kowane zane ya haɗu da rigarsa, kowace riga ta haɗu da ɗankwalinta. Waɗanda suka matse ta da waɗanda ranta ba ya so, aka ɗaure su ƙunshi guda aka kai ɗakin ajiya.

Rana ta karkata, bayansu ya ƙage, sannan suka kai gindin adaka. Can ƙasa akwai wani zanen saƙi, baƙi wuluk mai ratsin ja. Na mahaifiyar Hansai ne, shi mahaifiyar ta ɗaura ranar da aka kai Hansai gidan Malam Jatau. Hansai ta shafa shi, ta ɗauke shi hoto yadda yake a ninke. Zaɓau ta ce a ware shi ta gani. Hansai ta ce ba sai an ware ba, ta san zanen nan kamar yunwar cikinta. Ta mai da shi gindin adaka, ta ce wannan ba ya kwana a waje.

Nan take Zaɓau ta tsara mata. Ranar kamu, atamfa ruwan goro da gyale ruwan madara. Ranar yini, koren leshi da ɗankwali ruwan zuma. Ranar kai amarya, zanen saƙin nan da farar riga mai aiki a wuya. Ta nuna mata hoton kowanne a haɗe, har da takalmi da 'yan kunne. Hansai ta duba, ta sake dubawa, ta ce ashe duk wannan a ɗakinta yake.

To, masu zama uku fa? Da gida ya yi shiru suka taru a bayan randa. Ɓera ya ce sun shiga uku, gadonsa ma yana can an wanke an shanya. Asu ya ce 'ya'yansa rana ta kashe rabinsu. Ɓera ya ce muddin wannan muryar tana cikin waya, kullum za a riƙa buɗe kaya, kullum za a riƙa tona ƙasa. Dabara ɗaya ce: a haɗa Hansai faɗa da Zaɓau, ta makara a bikin nan, ta ji haushi, ta goge ta. Ya ce shi ya ɗauki ranar kamu. Asu ya ce shi ya ɗauki ranar yini. Suka juya ga Gara. Gara ta dai lashe baki ta koma raminta.

Ranar kamu ta zo. Da azahar Hansai ta ajiye waya a kan gado ta shiga wanka. Ɓera ya haura ƙafar gado, ya taka fuskar waya da ƙafafunsa har ta kawo haske. Ya gyara murya, ya siranta ta kamar ta mace, ya ce wa Zaɓau an fasa kamu, rasuwa aka yi, gaisuwar mutuwa za a je, a zaɓo kaya marasa ado. Zaɓau ta yi ta'aziyya, ta sauke atamfa ruwan goro, ta ɗora wata koɗaɗɗiyar atamfa da hijabi ruwan toka. Ɓera ya sauko yana rawar wutsiya.

Hansai ta fito, ta shafa mai, ta ɗauki waya. Ta ga hijabi ruwan toka. Ta tambaya wa ya rasu. Zaɓau ta ce ai ita ce ta faɗa yanzun nan. Hansai ta ce ita da ke banɗaki, da wane baki? Ta tsaya ta kasa kunne. Daga can gidan Tabawa kiɗan ƙwarya ne ke tashi, mata na guɗa. Ta karkata wayar wajen haske, sai ga 'yan sawu ƙanana-ƙanana a fuskarta, da maiƙon ƙuli-ƙuli.

Zaɓau ta ce, "Na ji muryar tana tsiwa-tsiwa, ya kamata in sake tambaya. Ki yi haƙuri. Ga kayanki yadda muka shirya."

Hansai ta sa atamfa ruwan goro, ta yafa gyale ruwan madara, ta fito. Malam Jatau bai ko gama shimfiɗa buzunsa a zaure ba. Ya dube ta, ya leƙa waje ya dubi rana, ya sake dubanta, ya tashi ya tada babur. Da ta yi sallama a gidan biki, mata suka yi cirko-cirko. Wata tsohuwa ta tambaya ko an tashi ne ba ta sani ba, tun da ga Sai-an-tashi ta iso. Aka kwashe da dariya, har da Hansai. Ita ta tsaya aka yi kamu, ita ta yi cinikin amarya da ƙawaye, ita ta fesa turaren da ta haɗa da hannunta. Da ta dawo gida ta sa wa wayar makulli, ba ta buɗewa sai da babban yatsanta. Ɓera ya dubi nasa yatsun, ya yi tsaki.

Ranar yini, Asu ya ce a bar masa. Shi ba ya buƙatar buɗe waya. Ya jira Hansai ta gama shiri, ta juya tana neman 'yan kunne, sai ya sauka a kan idon kyamara ya karkaɗe fukafukansa. Ƙurar jikinsa ta rufe idon kaf. Ya tashi ya koma labule.

Hansai ta ɗaga waya ta nuna wa Zaɓau kanta, don ta ji ko ɗaurin ya zauna. Zaɓau ta ce leshin ya koɗe, ɗankwalin ma ba ya tashi, a gwada ja. Hansai ta kwance ɗauri ta gwada ja. Zaɓau ta ce shi ma ya yi duhu, a gwada ruwan ɗorawa. Ta gwada ruwan ɗorawa. Zaɓau ta ce wannan ma kamar an tsoma shi a toka. Ɗankwali ya faɗi a kan ɗankwali, gyale a kan gyale. Tsibi ya fara tashi a tsakar ɗaki kamar na da. Malam Jatau ya yi gyaran murya daga zaure. Ran Hansai ya fara ɓaci, har ta ɗora yatsa a kan wurin da ake goge manhaja. Asu yana labule yana tafi da fukafukai.

Sai Allah ya sa ta ɗaga kai ta dubi madubi. Leshi kore shar, kamar ganyen alayyafo bayan ruwa. Ta ce ita dai idonta kore yake gani, mai kyau kuwa.

Zaɓau ta ce, "To cikinmu idon wani ne ba lafiya, ko naki ko nawa. Fara goge nawa, shi ya fi sauƙi."

Hansai ta kama bakin zane ta goge idon kyamara. Zaɓau ta ce yanzu ta ga gari, a koma ɗankwali ruwan zuma, tun farko shi ne daidai. Hansai ta ɗaura, ta fita da sauri. Ta ɗan makara, gaskiya ce, amma ta iso ba a fara rabon abinci ba. Ta tari dangin ango, ta zaunar da kowa, ta sa aka kai wa tsofaffi tuwo mai laushi. Tabawa tana ƙuryar ɗaki tana leƙe ta taga, tana murmushi ita kaɗai. A hanyar dawowa Hansai ta tsaya ta sayi kafur, ta zuba a akwati da jaka. Asu ya shaƙa, ya yi ta atishawa har gari ya waye.

Saura Gara. Ita ba ta kwaikwayi muryar kowa ba, ba ta taɓa waya ba, ba ta ko fito fili ba. Tun ranar da aka mai da zanen saƙi gindin adaka take ci. Ta bar saman ninki yadda yake, ta bar gefe yadda yake, ta shiga tsakiya. Tana ci, tana ci, tana ci.

Ranar kai amarya, da la'asar sakaliya, Hansai ta yi wanka, ta yi kwalliya, ta sa farar riga mai aiki a wuya. Yau da sauran lokaci, har tana 'yar waƙa. Ta buɗe adaka, ta ɗauko zanen mahaifiyarta, ta kama baki biyu ta ware. Sai ƙasa ta zubo. Tsakiyar zanen ta zama kamar rariya, tana hango bango ta cikinsa.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a bakin gado da zanen a cinya, hawaye na zuba a kai. Ta ce wa Zaɓau ita ce ta sa mata rai, ita ce ta nuna mata hotonsa a haɗe har ta kwana tana mafarkinsa. Zaɓau ta ce hoton da aka ba ta lafiyarsa ƙalau, cikin ninki ne ba ta gani ba. Ta ce akwai shadda ruwan bula da za ta hau da farar rigar nan, a goge take, tana saman akwati. Hansai ta ce ba ta so. Ta ce da wannan zanen aka kai ta, da shi ta yi niyyar kai 'yar Tabawa, in babu shi babu inda za ta. Ta kife wayar a kan katifa.

Bayan randa aka fara rawa a hankali. Ɓera yana juyi, Asu yana atishawa yana juyi, suna rera waƙarsu ƙasa-ƙasa. Gara tana bakin rami tana sakace haƙori.

Rana ta yi ja. Motocin ɗaukar amarya suka iso ƙofar gidan Tabawa, ana jin ƙahonsu har nan. Malam Jatau ya leƙo, ya ga fuskar matarsa, ya koma zaure. Sai waya ta yi ƙara a kan katifa. Ta yi ƙara ta katse, ta sake yi. Hansai ta jawo ta. Furera ce, muryarta a dashe saboda kuka.

Ta ce, "Inna, an ce in tashi, na ce ba zan tashi ba sai kin zo. Gwaggonnina sun yi faɗa sun gaji. Ni ba kayanki nake jira ba. Ko da zanen wanka ne ki zo ki riƙe hannuna."

Hansai ta sauke zanen daga cinyarta. Sannan ta ce, "Ga ni nan, 'yata. Kada ki bari kowa ya ɗaga ki."

Ta miƙe, ta share ido, ta ce wa Zaɓau ina shaddar nan. Zaɓau ta faɗa mata. Ta ɗauko ta ɗaura, ta zauna mata cif. Ta juya za ta ɗauki ɗankwali, sai idonta ya koma kan zanen saƙi. Tsakiya ta tafi, amma baki biyun nan masu ratsin ja suna nan, Gara ta bar su don kada a gane. Hansai ta ɗauko almakashi. Ta yanke baki ɗaya, dogo, ta karkaɗe, ta naɗa shi a kanta, ta juya shi, ta soke, ratsin ja ya fito a goshi. Ta yanke ɗayan ta ninke ta sa a jaka. Sannan ta ɗaga waya ta nuna kanta.

Zaɓau ta ce, "Wannan ban yi tunaninsa ba. Ya fi duk abin da na haɗa miki. Tafi, ana jiran ki."

Malam Jatau bai taɓa gudu da babur irin na ranar ba, kaji na watsewa a gabansa. Hansai ta ratsa mata ta shiga ɗaki. Furera tana zaune a tsakar gado cikin lulluɓi. Hansai ta zauna kusa da ita, ta yi mata nasihar da ake yi, a taƙaice, ta ciro ɗayan bakin zanen ta sa mata a hannu. Ta ce na tata mahaifiyar ne, ta ajiye, amma ta riƙa warewa tana dubawa. Sannan ta kama hannunta ta tashe ta. Aka yi guɗa. Aka kai ta ta yi sallama da mahaifinta, aka fito. Da suka zo wucewa ta ƙofar ɗakin Tabawa, wani hannu ya fito ta bayan labule ya damƙe hannun Hansai, ya matse, ya saki.

Aka kai amarya ɗakinta lafiya. Kafin sati ya zagayo, matan unguwa sun fara tono tsofaffin saƙin iyayensu suna tambayar Hansai yadda ake ɗaurin nan.

Da biki ya watse, Hansai ta huta, sai ta kwance ƙunshin nan na ɗakin ajiya. Zaɓau tana tuna mata abin da ke ciki, ita kuma tana tuna wanda zai dace da wa. Atamfa mai ganye ɗaya ta tafi wajen ƙanwar Malam Jatau, ɗaya wajen mai yi mata daka. Leshin da ya matse ta ya samu wata maƙwabciya da ke shirin sunan jika. Jaka ta zama wayam, aka ninke ta. Akwati ya riƙa rufuwa da yatsa ɗaya. Adaka kuwa Malam Jatau ya ɗora ta a kan duwatsu, ya cike ramin da ke ƙarƙashinta da siminti. Duk ranar Juma'a Hansai takan zauna da Zaɓau su tsara kayan mako, takan kuma ware kowane zane da hannunta kafin ta yarda. Wani lokaci ta bi shawara, wani lokaci ta ce a'a, yau ja take ji. Zaɓau ta ce to, ja ɗin ne.

Masu zama uku suka ga zama ya ƙare. Da rana tsaka suka ɗaure 'yan komatsansu suka fita ta magudanar ruwa. Ɓera a gaba yana mita, yana cewa laifin Asu ne. Asu a tsakiya yana atishawa, yana cewa laifin Gara ne da ta bar bakin zane. Gara a baya tana lashe baki. Suna tafe suna leƙa gidaje, suna tambaya ina ne ake da kaya da yawa ba a tona ƙasa. An ce mini shekaranjiya an gan su a bakin lungunmu, Ɓera yana nuna wata ƙofa da wutsiya. Ke mai dariyar nan, yaushe rabonki da ganin gindin akwatinki?

Abin da ke ciki dai a fili yake. Mai ba ka shawara, mutum ne ko na'ura, iyakar abin da ka nuna masa ya sani, saboda haka ka nuna masa gaskiya, kai ma ka buɗe naka idon. Kuma wanda ke jiranka a ranar da yake buƙatarka, kai yake jira, ba rigarka ba.

Ƙurunƙus, ta faɗa kan ɓeran da ya rasa gado. In da ƙarya a ciki Gara ta cinye ta, in da gaskiya ku ninke ku ajiye. Kowa ya naɗe tabarmarsa.